Ciwon Fitsari a Asibitocin Kaduna: Jiya da Yau

Har gobe tsofaffin Kaduna "Nursing Home" suke kiran Asibitin Barau Dikko da ke titin Lafiya, wanda Turawan mulki suka gina don kansu. Daga baya ne ya samu sunan Dakta Barau Dikko, ɗan Wusasa, likita na farko daga Arewa, wanda ya rasu a 1977. A farkon zamanin asibitin, in ciwon mafitsara ya hau ƙoda, sai dai shan ruwa da addu'a. Magungunan salfa ba su fito ba sai 1935, fenisilin kuwa da ya biyo baya ba ya cin E. coli, ƙwayar da ta fi haddasa ciwon.

Sauƙi ya zo da amfisilin a 1961 da jantamaisin a 1963, sannan Septrin. Da na fara aikin jinya a shekarun 1980, su ne makamanmu. A kawo dattijo daga Kawo ko Unguwar Shanu, fitsari ya riƙe, jiki na kakkarwa. Mu sa masa robar fitsari, mu ɗaura ƙarin ruwa, mu yi allura. Kafin kwana 3 ya tashi yana neman kunu.

To, amma magungunan ba su tsaya a asibiti ba. Kafso ya cika kemis da farantan 'yan talla, duk mai jin zafin fitsari ya ce "sanyi ne", ya haɗiyi biyu ya bari. A haka ƙwayoyin cuta suka yi taurin kai. Muka koma ciprofloxacin, muka koma ceftriaxone, su ma suka fara gazawa, musamman ga masu ciwon sukari da waɗanda roba ta daɗe a jikinsu. Kafin in yi ritaya, sai da na ga iyalai suna sayar da tumaki don sayen meropenem, maganin da ake ajiyewa sai an ƙure. Tun 1945 Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai sa ƙwayoyin cuta su yi taurin kai.

Don Allah, jama'a, a kai fitsari gwaji kafin a sha magani, a sha yadda likita ya rubuta. Abokan aikina kuma, a cire roba da zarar buƙatarta ta wuce.