Mata Biyu, Zamani Ɗaya: Wa Ya Bar wa 'Yarsa Fitila?

Tun da ƙungiyarmu ta ƙara shekara, bari mu kawo tarihin wasu mata biyu da suka yi zamani ɗaya ba su san juna ba.

Ta farko tamu ce, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife ta a Degel a 1793, tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ana yaƙi, ana ƙaura, amma ba a ajiye mata allo ba, don Shehu da kansa a littafinsa Nurul Albabi ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Daga baya ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis, tana ba su malfa, su shiga ƙauyuka su koyar da mata. Ta rasu a 1864.

Ta biyun 'yar Faransa ce, Sofi Jamen, haifaffiyar birnin Paris a 1776. Ubanta ɗan kasuwa ne. A 1789 juyin juya hali ya rikita garin, fita ta gagara, sai yarinyar mai shekara 13 ta duƙufa kan littattafan ubanta har lissafi ya shiga ranta. Iyayenta suka ce wannan ba na mace ba ne. Suka hana ta kyandir da wutar jin ɗumi, ita kuwa ta riƙa ɓoye kyandir, ta lulluɓa da bargo ta yi karatu cikin sanyin dare, har suka haƙura. Da aka buɗe babbar makarantar fasaha a 1794, ba a ɗaukar mata. Sai ta ari sunan wani ɗalibi, Lebulan, tana aika aikinta, har babban malamin lissafi Lagaranj ya nemi ganin mai wannan basira, ya tarar mace ce. A 1816 ta ci kyautar cibiyar kimiyya ta Paris. Ta rasu a 1831 ba ta da takardar shaidar kowace makaranta.

To 'yan uwa, duk biyun Allah ya ba su kai. Bambancin daga gida ne: ɗaya an kunna mata fitila, ɗaya sai da ta sata.

Mu da muka girma sannan muka shiga ajin yaƙi da jahilci, mun san zafin a karanta maka littafin bashinka, ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke ciki ba. Yau mu ne iyayen. Ga jami'a nan Kongo, kusa da mu, ana ɗaukar mata ba sai sun ari sunan kowa ba. Amma yarinyar da ta yini da farantin talla a kasuwar Tudun Wada, da dare barci za ta yi.

Shawararmu ita ce, duk wadda ta kwashi adashe, ta fara cire kuɗin makarantar 'yarta kafin na kayan ɗaki. In kuma tallan ya zama dole, a bari sai an taso daga makaranta. Allah ya raya mana zuri'a, ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, amin.