Rukuni: majalisar mutum huɗu da ke taka wa Sarkin Katsinan Maradi burki a da

Daga Gangara da ke ƙaramar hukumar Jibia, mutum na tsallaka iyaka zuwa Nijar ya shiga ƙasar wata tsohuwar masarauta mai suna Katsinar Maradi. Ƙarama ce, kuma ba ta taɓa samun rubutaccen kundin mulki ba, amma al'adarta ta gindaya wa sarki iyakar da bai isa ya ƙetare ba.

Asalin masarautar

Bayan dakarun jihadi sun ci birnin Katsina wajajen 1807, Ummarun Dallaje ya hau mulki, zuriyar tsofaffin sarakuna kuwa suka yi arewa. Wajajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsu a Maradi. Shi ya sa har yau ake kiran mai riƙe da ita Sarkin Katsina.

Yadda aka raba iko

Ginshiƙin mulkin shi ne Rukuni, majalisar manya huɗu: Ƙaura, jagoran yaƙi, Galadima, mai kula da harkokin mulki, sai 'Yandaka da Durɓi. A da, su ke zaɓen sarki daga cikin 'ya'yan sarauta, kuma suna da hurumin tuɓe shi. Sarki ne ke naɗa su idan gurbi ya faɗi, amma ba ya zartar da babban al'amari, kamar fita yaƙi, sai da shawararsu. Kowane ɓangare na riƙe da linzamin ɗayan. Akwai kuma Iya, mace daga gidan sarauta, mai shugabantar mata da 'yan bori. Masani M. G. Smith ya fayyace wannan tsari a bincikensa kan zamanin Sarki Ɗan Baskore, wanda ya yi mulki a tsakiyar ƙarni na 19.

A wasu ƙasashen an rubuta irin wannan tsari a doka. Kundin mulkin Lesoto, misali, ya ba majalisar sarakuna ikon ayyana magajin sarki.

Ina ikon yake a yau?

A Katsinar Najeriya ma waɗannan sarautu huɗu ne masu zaɓen sarki, sai dai gwamna ne ke da ta cewa a ƙarshe. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ragowar mulki daga hannun sarakuna, kundin 1999 kuma bai ba su wani gurbi ba. A Nijar, wata dokar 2015 ce ta tsara matsayinsu a ƙarƙashin gwamnati.

Kano ta nuna sakamakon haka: gwamna ya tuɓe Muhammadu Sanusi II a 2020, wani gwamnan ya mayar da shi a 2024. Ikon da mutum huɗu ke rabawa a da ya koma hannun mutum ɗaya. Don haka duk mai neman a ba sarakuna gurbi a kundin mulki, dole ya fara amsa tambayar da Rukuni ya amsa tun tuni: wa zai naɗa sarki, wa kuma zai iya cire shi?