Juyin juya halin Zanzibar na 1964: Asalinsa da abin da ya biyo baya

A daren 12 ga watan Janairun 1964 wasu ɗaruruwan mutane ɗauke da adduna da kulake suka afka wa barikin 'yan sanda na Ziwani da ke tsibirin Unguja, suka kwashe makamai. Kafin rana ta faɗi gwamnatin Zanzibar ta rushe, Sarki Jamshid bin Abdullah kuma ya tsere a jirgin ruwa. Wata guda ke nan kacal da Birtaniya ta ba ƙasar 'yancin kai, a ranar 10 ga Disamban 1963.

Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan wannan lamari. Wasu na kallonsa a matsayin tawayen talakawa a kan masu gonaki, wasu kuma na ganin rikici ne na baƙar fata da Larabawa. A Zanzibar abubuwan biyu sun cuɗanya tun zamanin bauta.

Gonakin kanumfari

Zanzibar ta ƙunshi manyan tsibirai biyu, Unguja da Pemba, a gaɓar tekun Indiya. A wajejen 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa can. Arziƙin daular ya dogara ne kan kanumfari, wanda bayin da aka kwaso daga cikin nahiyar Afirka suke nomawa a gonakin Larabawa. An rufe kasuwar bayi a 1873, Birtaniya ta sanya tsibiran ƙarƙashin ikonta a 1890, sannan aka soke bauta a dokance a 1897. To amma gonakin sun ci gaba da zama a hannun masu su, 'yantattun bayi da dama kuma suka zama 'yan ƙodago da 'yan aron gona.

Ƙidayar 1948 ta nuna cewa baƙar fata sun kai kimanin kashi 76 cikin ɗari na jama'a, Larabawa kashi 17, Indiyawa kuma kashi 6. Turawan mulkin mallaka sun tafiyar da al'umma bisa wannan rabo. Ta hannun ƙungiyoyin jinsi ake samun wakilci, kuma sai a 1946 aka naɗa baƙar fata na farko a majalisar dokoki.

Sai dai ba kowane Balarabe ne mai arziƙi ba. Akwai ƙananan 'yan tireda a ƙauyuka, akwai kuma masu gonakin da bashin attajiran Indiyawa ya yi wa katutu. Su ma baƙar fata kansu ba a haɗe yake ba. 'Yan asalin tsibiran da ke kiran kansu Shirazi, musamman na Pemba, da yawansu suna da gonakin kansu, kuma suna ɗari-ɗari da baƙin da suka zo ci-rani daga Tanganyika.

Zamanin siyasa

Jam'iyyar ZNP, wadda aka kafa a 1955 kuma Ali Muhsin ya zama jagoranta, ita ce ta fi matsa lamba a ba da 'yanci cikin gaggawa. Tana cewa Musulunci da biyayya ga sarki sun haɗa kowa, amma abokan hamayyarta na kallonta a matsayin jam'iyyar Larabawa masu gonaki. A 1957 aka kafa jam'iyyar Afro-Shirazi, wato ASP, ƙarƙashin Abeid Karume, wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa. Bayan zaɓen wannan shekara masu gonaki sun kori 'yan aro da dama saboda goyon bayan ASP, aka kuma shiga ƙaurace wa kantunan juna. A rikicin zaɓen watan Yunin 1961 mutane 68 suka mutu, akasarinsu Larabawa.

A zaɓen Yulin 1963 ASP ta samu kashi 54 cikin ɗari na ƙuri'u, amma kujeru 13 kawai daga cikin 31. Ƙawancen ZNP da ZPPP, wadda ta ɓalle daga ASP a 1959, shi ya kafa gwamnati. Wannan ya sa magoya bayan ASP da dama suka yanke ƙauna daga akwatin zaɓe. Sabuwar gwamnatin ta ƙara dagula al'amura da ta sallami 'yan sandan da suka fito daga cikin nahiyar.

A tsakanin ɓangarorin biyu akwai masu ra'ayin gurguzu. Abdulrahman Muhammad Babu, tsohon babban sakataren ZNP, ya fice a 1963 ya kafa jam'iyyar Umma. Aƙidarsa ita ce ɗan dako da ɗan ƙodago da ƙaramin ɗan tireda buƙatarsu ɗaya ce, ko Balarabe ne ko baƙar fata. Wasu daga cikin matasan jam'iyyar sun samu horo a Kyuba. Gwamnati ta haramta jam'iyyar 'yan kwanaki kafin juyin.

Ranakun zubar da jini

Wanda ya jagoranci farmakin shi ne John Okello, ɗan asalin Uganda, wanda ya yi ta barazana ta gidan rediyo. A kwanakin da suka biyo baya an karkashe Larabawa da Indiyawa, an kuma wawashe dukiyoyinsu. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga ɗaruruwa zuwa dubbai masu yawa. Da dama daga cikinsu talakawan Larabawa ne na karkara, yayin da sarki da iyalansa suka samu mafaka a Ingila. Dubbai sun yi gudun hijira zuwa Oman da wasu ƙasashe.

Karume ya zama shugaban ƙasa, Babu kuma ministan harkokin waje. A watan Maris aka hana Okello komawa tsibirin. A wannan watan ne kuma gwamnati ta ƙwace manyan gonaki, daga baya ta rarraba wa talakawa eka uku-uku. An ba da ilimi da magani kyauta, Jamus ta Gabas da China kuma suka kawo agaji. Amurka da Birtaniya sun shiga fargabar cewa Zanzibar za ta zama wata Kyuba a Afirka.

Ranar 26 ga Afrilun 1964 Karume da Julius Nyerere suka haɗe Zanzibar da Tanganyika, aka samu ƙasar Tanzaniya. Haɗewar ta rage ƙarfin 'yan gurguzu, domin an ɗauke Babu da wasu abokansa zuwa muƙamai a Dar es Salaam.

Bayan juyi

Karume ya yi mulki ba tare da zaɓe ba. An kashe Abdullah Kassim Hanga, ɗaya daga cikin jagororin juyin, bayan an tsare shi a ƙarshen shekarun 1960. A 1970 an aurar da wasu 'yan mata 'yan asalin Farisa ga manyan jami'an gwamnati bisa tilas, da sunan kawar da bambancin jinsi. Ranar 7 ga Afrilun 1972 aka harbe Karume. An kama Babu, wata kotu a Zanzibar ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, amma Nyerere ya ƙi miƙa shi. An sake shi a 1978, ya rasu a London a 1996.

A 1977 ASP ta haɗe da TANU aka kafa CCM. Da aka dawo da tsarin jam'iyyu da yawa a 1992, tsohuwar ɓarakar ta sake bayyana: Pemba, inda ZNP da ZPPP suka fi ƙarfi a da, ta zama tungar 'yan adawa na CUF ƙarƙashin Seif Sharif Hamad. A watan Janairun 2001 jami'an tsaro sun kashe masu zanga-zanga fiye da 30, akasari a Pemba. A 2010 jama'a suka amince da kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa a wata ƙuri'ar raba gardama.

A duk ranar 12 ga Janairu ana hutu a Tanzaniya domin tunawa da juyin. Cikin waɗanda suka bar tsibirin a shekarun da suka biyo bayansa akwai marubuci Abdulrazak Gurnah, wanda ya lashe kyautar Nobel ta adabi a 2021.