Su wane ne masu riƙe da Majalisar Tarayya, kuma mene ne amfanin sandar nan?

'Yan'uwa na Agege da Sabon Ibadan da Lokpanta, kullum muna jin ana cewa "an sace sanda" ko "Kakaki ya buga guduma". Na ga ya dace in jero muku masu muƙaman nan da aikin kowa, don dokokin da suka shafi haraji da safarar dabbobi ta hannunsu suke bi.

Majalisar Tarayya zaure biyu ce. Ta Dattawa na da sanatoci 109, ta Wakilai na da mutum 360. Mu a jihar Bauchi sanata uku gare mu da wakilai 12.

Shugaban Majalisar Dattawa shi ne babba. Shi ke jan zaman haɗin gwiwa, kamar ranar da shugaban ƙasa zai kawo kasafin kuɗi. In aka rasa shugaban ƙasa da mataimakinsa lokaci guda, shi zai riƙe ƙasa na abin da bai wuce wata uku ba, kafin a yi zaɓe. Godswill Akpabio ya hau kujerar a Yunin 2023, Barau Jibrin na Kano na mataimakinsa.

Kakaki shi ke jagorantar Majalisar Wakilai, shi ke ba ɗan majalisa damar magana ko ya zaunar da shi. Tajudeen Abbas na Zariya ya hau a 2023. Ɗan jiharmu Yakubu Dogara ya riƙe daga 2015 zuwa 2019, bayan ya kayar da Femi Gbajabiamila da ƙuri'a 182 da 174.

Sai shugaban masu rinjaye, mai gabatar da ayyukan zaure, da shugaban marasa rinjaye, bakin 'yan adawa. Akwai kuma bulaliyar majalisa, mai tsawatarwa in hayaniya ta kaure.

Mutum biyu kuwa ba zaɓarsu ake yi ba, ma'aikata ne. Akawun majalisa shi ke riƙe da takardu, kuma shi ke jan zaman farko har a zaɓi shugaba. Sajan majalisa shi ke kula da tsaro, shi ne kuke gani a talabijin ɗauke da sanda a kafaɗa yana gaban shugaba. In aka ce a fitar da ɗan majalisa, shi ke fitar da shi.

To, sandar fa? Gado ne daga majalisar Ingila. A al'ada, sai tana kan teburi zama ke zama zama. Kamar dai yadda mu a kara ciniki ba ya faɗawa sai a gaban dillali da shaidu. Shi ya sa ake kokawa a kanta. Ranar 18 ga Afrilun 2018 wasu suka kutsa zauren dattawa suka arce da ita, washegari 'yan sanda suka tsince ta a ƙarƙashin wata gada a Abuja.

Mu ma nan cikin garin Bauchi mun gani a Yunin 2019. Majalisar jiha mai mutum 31 ta rabe biyu: wasu suka zaɓi Abubakar Suleiman a cikin zaure, wasu suka taru a waje gindin siffar sandar da aka gina a harabar majalisar suka zaɓi Kawuwa Damina. Daga bisani na cikin zauren ne ya tabbata.

Amma sanda kaɗai ba ta isa. Tsarin mulkin 1999 ya ce sai kashi ɗaya cikin uku sun hallara, wato sanatoci 37 ko wakilai 120.

In kuna da koke, kamar na shingayen karɓar kuɗi a hanyar kudu, ku rubuta ku sa hannu, ku miƙa wa ɗan majalisar inda kuke zaune ko na gida. Shi zai gabatar a zaure, shugaba ya tura wa kwamitin koke-koken jama'a. Allah Ya ba mu shugabanni masu jin kuka.