Maganin Maza na Ƙasar Sin: Daga Ina Ya Fito?

Ya kai mai karatu, yau za mu taɓa maganar da maza ba su son yi a fili, wato raunin da kan sami namiji har ya kasa biyan haƙƙin iyalinsa. Kada ka ji kunya. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

In ka taɓa zuwa Yamai, ka ga masu tallar magani a bakin Babbar Kasuwa, ko a Katako, ko a tashar Wadata. Ran kasuwa ma suna zuwa har ƙauyenku. A cikin kayansu akwai ƴan kwalaye masu hoton doki ko damisa, da wani rubutu wanda ba boko ba, ba ajami ba. Mai talla zai raɗa maka cewa wannan maganin gargajiya ne na Shinuwa, tsiro ne zalla. Kafin ka sa hannu a aljihu, zo mu bi tarihin abin.

Mutanen ƙasar Sin, waɗanda muke kira Shinuwa, sun daɗe da sanin itatuwa, kamar yadda kakanninmu suka sani. Mu ma muna da gagai, muna da yajin maza mai citta da kanumfari da masoro. Abin da suka riga mu shi ne sun rubuta nasu tun da wuri. Kusan shekara 2,000 da suka wuce suka tara magunguna 365 a littafi guda, suka sa masa sunan Shen Nong, wanda suke ɗauka kakan manoma. A cikinsa akwai saiwar da ake kira jinsen, da ɗanyen ƙahon wata dabba mai kama da barewa, da wani ganye mai suna yin yang huo.

Wannan ganye yana da labari. Wani masani mai suna Tao Hongjing, wanda ya rasu a 536, ya rubuta cewa a wani yanki na ƙasarsu akwai bunsuraye masu yawan barbara, saboda ganyen nan da suke ci. Daga nan ganyen ya sami sunansa, mutane kuma suka riƙa ba maza shi.

Daga baya aka yi wani likita, Li Shizhen. Ya yi shekara 27 yana yawo, yana tambayar manoma da masunta da maharba. Ya gama littafinsa a 1578, aka buga shi a 1596 bayan rasuwarsa. Magunguna 1,892 ya bayyana a ciki.

A ganin masu maganin Sin na da, ƙarfin namiji daga ƙoda yake. In wutar ƙoda ta yi ƙasa, sanyi ya shiga, sai namiji ya yi rauni. Ka ga ya yi kama da maganar masu maganinmu, da suke ɗora laifin a kan sanyi ko basir. Amma lura da yadda suke aiki. Mai magani zai dubi harshenka, ya taɓa jijiyar hannunka, ya yi maka tambayoyi, sa'an nan ya auna itatuwan a sikeli. Abin da ya haɗa wa wane, ba shi zai haɗa maka ba.

To, yaya maganin Sin ya iso Nijar? Hanya biyu ya biyo.

Hanya ta farko ta gwamnati ce. Nijar da Sin sun ƙulla zumunci a 1974, likitocin Sin kuma suka fara zuwa aiki a 1976. An yanke hulɗar a 1992, aka mai da ita a 1996. A 2016 aka ƙaddamar da babban asibitin da Sin ta gina a Yamai, mai gado 500. Waɗannan likitoci a asibiti suke aiki, sai sun duba mutum kafin su ba shi magani.

Hanya ta biyu ta kasuwa ce. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Maganin da ake kawowa daga waje ya yi tsada, talaka ya koma ga mai talla. Ana nan kuma, a 1998, kamfanin Pfizer ya fito da ƙwayar Viagra a Amurka. Tun farko don ciwon ƙirji aka gwada ta, sai aka ga tana ƙara gudun jini zuwa gaban namiji. Ta yi kasuwa ƙwarai. Sai marasa tsoron Allah suka riƙa zuba sinadarinta a ɓoye cikin shayi da zuma da ƙwayoyi, su rubuta a kwali cewa tsiro ne.

Ga abin da hakan ya jawo a ƙasar Singafo a 2008. Cikin wata biyar aka kwantar da mutum 150 a asibiti, sukarin jininsu ya faɗi warwas. Da aka auna magungunan maza da suka sha, sai aka tarar da maganin ciwon sukari a ciki. Mutum 7 suka daɗe a some, 4 daga cikinsu suka mutu. A 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, magani 1 cikin 10 jabu ne ko marar inganci.

Ko Viagra ta gaskiya ma ba ta kowa ba ce. In mai shan wasu magungunan ciwon zuciya ya haɗa da ita, jininsa na iya faɗuwa nan take. Shi ya sa sai da takardar likita ake shan ta.

Su kuma itatuwan fa, suna aiki? An auna ganyen bunsuru, an sami wani sinadari a cikinsa mai aiki irin na Viagra, amma ƙarfinsa bai ko kusa da nata ba. A 2021 masana suka tara gwaji 9 da aka yi wa maza 587 da jinsen, suka ga amfaninsa ɗan kaɗan ne. Kada wannan ya sa ka raina tsiro. A 1972 wata masaniya ƴar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani ɗan'uwan tazargade. Tsohon littafi ne ya nuna mata hanya, amma sai da aka gwada, aka auna, kafin a ba jama'a. Ta sami kyautar Nobel a 2015. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci. Sau da yawa raunin namiji ɗan aike ne, wata cuta ce ta turo shi. Ciwon sukari da hawan jini suna lalata ƙananan hanyoyin jini, kuma sau da yawa a nan ake fara ganin alama, tun zuciya ba ta nuna ba. Shan taba, da gajiya, da yawan tunani, su ma suna kawo shi. Wanda ya toshe bakin ɗan aike da ƙwayar talla bai kori cutar ba, tana nan tana cin sa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in abin ya same ka, je likita. Ka ce a auna maka jini da sukari. Ka faɗi duk abin da kake sha, har da jiƙo da gari. Ka zauna da maiɗakinka ku yi magana, don shiru ne ke kawo zargi a gida. In za ka sayi magani, saya a farmasi. Tunda ka fara karatu, duba kwali: sunan maganin, wanda ya yi shi, da ranar da zai lalace. In rubutun ya fi ƙarfinka, kai wa malamin asibiti ya duba. In shi ma bai san abin da ke ciki ba, kada ka sha. Matambayi ba ya ɓata.