Zangon Lome da Tarihin Annobar Mura

1.0 Gabatarwa

Zangon Lome unguwa ce da fatauci ya kafa. Hausawa da sauran baƙi daga arewa suka zauna a cikinta tun zamanin mulkin Jamusawa, suna cinikin shanu da goro. A shekarar 1977 hukuma ta tashe ta daga tsakiyar birni zuwa kimanin kilomita 15 arewa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa hanyoyin da suka raya irin wannan zango su ne kuma annobar mura take bi.

2.0 Annobar 1918

Asalin ƙwayoyin murar da ke haddasa annoba a jikin tsuntsayen ruwa yake, kamar agwagin daji. Daga nan sukan shiga kaji ko aladu. Idan iri biyu suka haɗu a jiki ɗaya, sai su yi musayar ƙwayoyin halitta, a sami sabon irin da jikin mutum bai saba da shi ba. Murar 1918, wato H1N1, ta hallaka mutum kimanin miliyan 50 a duniya. Jirgin ruwa ne ya kai ta Firitawun a watan Agusta, ta isa Akara da Ikko a Satumba. Lome, wadda ke hannun Turawan Ingila a lokacin, ita ma ba ta tsira ba. Daga bakin teku cutar ta bi layin dogo da hanyoyin fatake har Kano. An ƙiyasta cewa Nijeriya kaɗai ta rasa kusan mutum 500,000.

3.0 Murar Tsuntsaye

A 1997 murar tsuntsaye, wato H5N1, ta kama mutum 18 a Hon Kon, 6 suka mutu. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji ta Jihar Kaduna, kuma a watan ta ɓulla a Magariya ta Nijar. A Janairun 2007 ta kashe wata mata a Legas. A Yunin 2007 ta shiga Togo ta yankin Aneho, sannan a 2008 ta bayyana a Agbata, kusa da Lome. Hukumomi suka riƙa yanka kaji suna hana safararsu, wanda ya jawo wa masu kiwo babbar asara.

4.0 Kammalawa

Har yanzu H5N1 ba ta yaɗuwa cikin sauƙi daga mutum zuwa mutum. Sai dai murar aladu ta 2009 ta nuna cewa sauyi kan zo ba zato. Saboda haka dillali da mahauci da mai kaji a zango su ne za su fara ganin alama. In an biya su diyya mai ma'ana, sukan kai rahoto da wuri. In kuwa ba a biya ba, kajin da suka kamu kasuwa za su nufa. Rigakafi dai ya fi magani.