Gawayin Salkadamna: yadda shawarar da anka yanke nesa ta iske mu gida

Duk wanda ke Tawa cikin watan Agusta na 2023 bai manta ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take saida muna, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin da NIGELEC ke rabawa. Masu walda sun zauna, masu ƙanƙara sun yi asara. Sai kowa ya koma tambaya guda: ina labarin Salkadamna?

Gawayin ƙasa ba baƙo ba ne a Nijar. An kafa SONICHAR a 1975, kuma tun 1981 tashar Anu Araren ke ƙona gawayi tana ba kamfunnan uraniyom na Arlit da birnin Agadas wuta. Daga baya anka tabbatar da wani gawayin mai yawa nan kusa gare mu, a Salkadamna, cikin gundumar Takanamat, wajen kilomita 80 daga Tawa. A 2014 shugaba Mahamadu Isufu ya aza tubalin farko. Abin da anka faɗa muna: tasha mai ƙarfin megawat 600, da masana'antar gawayin dahuwa don mata su huta da icce.

To mi ya tsaida aikin? Akwai namu laifi, na jan ƙafa da sauyin abokan hulɗa, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma ku dubi shekarun. Tun 2013 Bankin Duniya ya ce ya daina ba da rance don tashoshin gawayi sai in ba makawa. Ke nan mun aza tubali ƙofa tana rufewa. A 2015 anka amince da yarjejeniyar Paris ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Fata ya rage ga Sin, sai ga shi a Satumban 2021 Xi Jinping ya shaida ma Majalisar Ɗinkin Duniya cewa ƙasarshi ba ta ƙara gina sabbin tashoshin gawayi a waje. Tasha irin wagga kuwa ba a gina ta da kuɗin baitulmalinmu kaɗai.

Abin da ke ci min rai shi ne wanga: Sin ɗin nan ita ke ƙona fiye da rabin gawayin duniya. Jamus, da yaƙin Yukren ya katse mata gas ɗin Rasha a 2022, sai ta sake tada tashoshin gawayinta, ba wanda ya hana. Afirka duka hayaƙinta bai wuce kashi 4 cikin 100 ba.

Amma kar mu ce maganar canjin yanayi ƙarya ce ta Turawa. Mu ne munka sha farin 1973 da na 1984. A Keita, tun daga 1984, da kuɗin Italiya da hannun FAO, jama'a sun jera duwatsu bisa fako, sun haƙa ramu, sun dasa miliyoyin itatuwa, galibi mata ne, ana biyansu da abinci. Kwarin Majiya ma tun 1975 ake dasa layukan dogon yaro don tare iska. Waɗanga itatuwa su ne gatari ke bi yau, saboda tukunyar Tawa har yanzu icce take ci. Shi ya sa ni a ganina, ɓangaren gawayin dahuwa ya fi tashar gaggawa, kuma kuɗinshi bai kai nata ba.

Wutar rana kuwa, wadda masu ba da rance ke so, mun ga samfurinta: tashar Malbaza mai megawat 7, da anka buɗe a 2018 da rancen Indiya. Tana taimakawa da rana tsaka. Da magariba, lokacin da kowa ke kunna fanka, ta yi barci.

Yanzu hukumomi sun sake tado maganar Salkadamna. Madalla. Sai dai tashar gawayi ruwa take sha da yawa don sanyaya injina, Takanamat kuwa ƙasar rijiyoyi masu zurfi ce da makiyaya. Kafin a sake aza wani tubali, a fito a gaya ma mutanen wurin daga ina za a jawo ruwan, nawa za a biya mai gonar da za a haƙe, kuma ko garuruwan da layin wuta zai ratsa za su samu ko da fitila guda.